Takalman Ƙofar Gidanmu Sun Ci Tallafi

Jama'a ku taya ni murna, na samu ƙarin girma. Da safen nan na fita sayen burodin tamis da dafaffen waken ful ina Hafsa 'yar Rahamatu, wadda in baƙo ya yi sallama da ƙarfi sai ta nemi bayan labule. Kafin in dawo gida na zama 'yar shugabar 'yan damfarar unguwar Mahjar ta nan Jidda. Allah mai ɗaukaka bawa ba tare da ya nema ba.

Ina tsaye a layin mai tamis wayar Ummi ta yi ƙara a hannuna, don ni nake riƙe mata ita. Saƙo ne daga ofishin nan da ke tallafa wa talakawa da kuɗin unguwa, wato abin da ake karɓa na kwashe shara da fitilun titi da magudanar ruwan da ban taɓa ganin ta gudana ba. Ba zan faɗi sunan ofishin ba, ina son kaina. Mu dai a gida Ofishin Tausayi muke ce masa. Saƙon ya ce an biya mu fiye da haƙƙinmu, mu mayar. Ya ƙara da cewa ana tuhumar mai gidan da ƙaryar yawan iyali, ta zo yau ta kare kanta, in ba haka ba a rubuta ta cikin mazambata.

Kuɗin bai girgiza ni kamar kalmar nan ta ƙarshe ba. Ku da ba ku san Ummi ba, bari in gaya muku. Duk matar da za ta yi tafiya a layinmu, ko Sudan ko Kano, wurin Ummi take barin mukullin gidanta da sarƙar gwal ɗinta, wani lokacin har da surukarta. Ummi ba ta da gida nata, ba ta da mota. Sunan nan shi ne gonarta. In aka buga masa tambarin zamba da hantsi, kafin la'asar labarin ya kai Abhur, can ƙarshen gari, ya dawo da ƙari.

Na shiga gida na karanta mata. Ta ajiye ludayi ta ce, "Ƙaryar yawan iyali? Mu nawa ne?"

Na ce, "Sun ce ashirin da takwas."

Ta ce, "Masha Allah!" Sai daga baya ta tuna ba yabo ba ne.

Mu uku ne a gidan nan: Ummi, da ni, da yayana Husaini mai aiki a tashar jiragen ruwa. Ko da kyanwa da ƙadangarun bayan gida ba mu kai goma ba.

Muna cikin salati maƙwabciyarmu Hala Fatsuma ta faɗo ba sallama. Bahaushiyar Sudan ce, kuma tagarta ta fi kowace kyamara a Jidda aiki, don ita ba ta lalacewa. Da ta ji zancen sai ta zauna daɓas a kan buhun shinkafa tana dariya har da hawaye.

"Ya Rahamatu, wallahi na san asalin abin nan! Kin tuna ranar walimar samun aikin Husaini? Da kika yi waina matan layin nan duk suka cika gidan?"

"Na tuna."

"Kin tuna wani mai farar riga da ya ƙwanƙwasa, ya ce daga ofis yake?"

Ummi ta tuna. Ranar babu namiji a gidan, shi kansa mai walimar yana bakin aiki, don haka mutumin bai shigo ba. Ta bayan ƙofa ya tambaya, "Ya Hajja, ku nawa ne a gidan?" Ummi kuwa ba ta ƙirga mutane. Ta gada daga kakarta, wadda ta zo ƙasar nan a ƙafa, cewa awaki ake ƙirgawa, wanda ya ƙirga 'ya'yansa da baki ya kira musu baki. Sai ta ce masa, "Albarka dai, ɗana." Ya ce, "To waɗannan da nake jin muryarsu fa?" Ta ce, "Duk nawa ne." Me za ta ce? Ta ce baƙi ne, suna ji, waina na bakinsu?

Hala ta share hawaye ta ce, "Ni kuwa ina taga ina kallonsa. Ya yi tsaye, ya sosa ƙeya, ya duba agogo. Sai ya tsuguna ya fara ƙirga takalman ƙofa! Bibbiyu bibbiyu yake haɗa su kamar mai tallan gwanjo. Har da wani wari ɗaya da kyanwa ta gudu da ɗan'uwansa, shi ma ya ɗaga shi ya duba, ya sa shi a lissafi."

Na ce, "Hala, shi ne ba ki faɗa ba?"

"Na ɗauka ɓarawon takalma ne mai tsari, ya binti, 'yata. Da na ga bai ɗauki ko ɗaya ba sai na ce Allah ya shirye shi."

To kun ji. Ni dai ina jinjina wa Mai Girma Sarkin Ƙidayar Ƙofa. Wani ragon da komawa zai yi ya ce bai samu kowa ba. Shi kuwa ya yi aiki da abin da Allah ya hore masa. Har warin takalmi bai raina ba, ya ba shi cikakken haƙƙinsa na ɗan ƙasa. Ina aka taɓa ganin adalci irin wannan?

Na san abin da za ku tambaya, don ni ma na tambayi kaina a cikin tasi: da kuɗin suka shigo da yawa, ba mu yi mamaki ba? Mun yi. Amma a daidai lokacin ne manya suka yi ta shela cewa za a ƙara wa talaka tallafi har ya ji a jikinsa. Da muka ji a jikinmu sai Ummi ta ɗaga hannu ta ce, "Allah sarki, ashe suna cikawa." Ta gyara na'urar sanyaya ɗaki, ta sayi babbar tukunya, sauran kuma ya bi cikin maƙwabta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, na sani. Amma mu ba mu san na kuturu ba ne, mun ɗauka alkawari ne ya nuna.

Na so mu tafi mu biyu shiru. Ina! Kafin Ummi ta gama sa abaya Hala ta buga wa layi duka waya. Mai ɗinkin layinmu, wadda ake kira Bayan, ta rufe shago. Areej ta baro tukunya a wuta. Layan ta zo da goyo. Kowace cewa take yi, "Ummi za a kira mazambaciya muna raye? Yalla, mu tafi!" Tasi bayan tasi muka jera kamar masu kai amarya, ni ina lungu ina roƙon ƙasa ta tsage.

Ofishin Tausayi, tubarkalla. A tsakar gidansa akwai wurin feshin ruwa na marmara da babu ruwa, an ce ana jiran babban baƙo ya buɗe shi. A ƙofa akwai na'urar ba da lamba mai aiki da kanta, ga ma'aikaci an ajiye musamman yana danna mata, ga wani a bayansa yana duba ko ya danna daidai. Kujerun zaman jira sababbi fil cikin ledarsu, an zagaye su da igiya kada talaka ya ɓata su. Muka tsaya a tsaye muna sha'awarsu. Duk wanda ya ce ana ɓarnar dukiya a ƙasa bai ga yadda ake tattalin kujeru ba.

Aka kira mu gaban Ranka Ya Daɗe Mai Tambari. Ba mugu ba ne, ya dai yi kama da wanda bai karya ba. Ya dubi na'urarsa ya ce, "Ya Hajja, kin ce ku ashirin da takwas ne."

Ummi ta ce, "Ni ban taɓa faɗin lamba ba tun da aka haife ni."

"To da kuɗin suka yi yawa ba ki yi shakka ba?"

"Na ɗauka ƙarin nan ne da aka yi alkawari."

Ya cire tabarau ya dube ta da kyau. "Kuma kika yarda?"

Wallahi haka ya ce. Na so in nemi ya rubuta mini in rataye a ɗaki.

Daga nan ya ɗaga kai ya hango rundunar da ke bayanmu sun toshe ƙofa. Wannan na cewa, "Ummi, kada ki ji tsoro," waccan na cewa, "Ummi, sha ruwa." Ya nuna su da biro ya ce, "Waɗannan fa su waye?"

Na san amsar tun kafin ta fito.

"'Ya'yana ne," in ji Ummi.

Fuskar Mai Tambari ta washe kamar an ce masa an tashi aiki. "Au! To ai halas. In iyalinki ne babu zamba, babu biyan komai. Ki sa hannu cewa duk a gidanki suke, a rufe magana." Har ya miƙe yana ƙirga kawuna da biro, yana cewa kamar ma an tauye mu.

Matan suka ɗauki guɗa. Hala ta ce, "Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi!" Ummi ta miƙa hannu za ta karɓi biro, don ita a zuciyarta ba ƙarya ta yi ba. Ni kuwa na hango matsalar. Jiya kuskuren mai ƙirga takalma ne. In ta sa hannun nan, gobe zambar ta zama tata ta gaske, da shaidu cike da ɗaki.

Ni da ko a gidan biki ba na iya cewa a miƙo mini gishiri, sai na ji bakina ya buɗe.

"Mu uku ne."

Ba wanda ya ji. Mai Tambari ya ce, "Na'am?"

Na runtse ido na ce, "Mu uku ne muke kwana a gidan! Ni, da Ummi, da Husaini. Sauran waina suka zo ci!"

Ummi ta dube ni kamar na mari baƙo a gabanta. A numfashi ɗaya na ƙirga 'ya'yanta da baki a bainar jama'a, na kuma kore mata sauran. Layan ta ce, "Waina muka zo ci, ko? Tayyib, ya Hafsa." Na ji kamar in shige cikin abayata in ja zip.

Hala ce ta cece ni. Ta tura kowa gefe ta ba da labarin takalma tun daga farko, har da kwaikwayon tsugunon. Mai Tambari ya dafe kai. Ya shiga wurin na sama da shi, na saman ya buga wa na samansa waya, aka ce wancan yana taro a kan inganta ƙidaya. Can dai ya dawo da hukunci. Ba za a rubuta zamba ba. Ba kuma za a rubuta kuskuren ofis ba, domin a iya saninsa ofis bai taɓa kuskure ba. Abin da aka rubuta shi ne "rashin fahimta tsakanin ƙofa da ciki". Kuɗin kuwa za mu mayar, ana cira kaɗan kaɗan daga tallafinmu na mutum uku. Mai ɗinkin nan ta lissafa a ka, ta ce in Allah ya ba ni tsawon rai jikata za ta ga ƙarshensa.

Ma'alesh, ba komai. Sunan Ummi ya fita fes, ko ɗigon tawada babu. Tun a tasi Areej ta ciro mukullin gidanta ta danƙa mata, wai jibi za ta Madina.

Ni ce dai ban fita ba. Muna isowa gida Ummi ta nufi madafi. Ta kunna garwashi ta zuba habbatus sauda, ta zagaye ni da hayaƙi, ta zagaye hoton Husaini, ta zagaye kanta, don kada lambar da na furta ta kama mu. Sannan, don ta wanke abin kunyar da na ja mata, ta ce kowa ya zauna, yau waina za a yi, kuma ni zan soya. Yanzu haka da hannu ɗaya nake rubutun nan, ɗayan yana kan tanda, matan da na kora suna miƙo faranti suna cewa, "Ƙara mana, ai ita muka zo ci."

Af, na manta. Da za mu fito daga ofis Ummi ta lura Mai Tambari bai karya ba, ta ce masa, "Ɗana, in ka tashi aiki ka biyo ta gida." Ga shi can a ƙofa ana miƙa masa kwano ta bayan labule, ya ci ya nemi ƙari. Ina roƙon Ofishin Tausayi, in za a yanke mana na wannan watan, a tuna cewa wani ɓangare na kuɗin ya riga ya koma ofis da ƙafarsa.