Cokalin Mai Shayi

Ko da zan manta komai na aikin asibiti, ba zan taɓa mantawa da ranar da tauraron ɗan'adam ya tona min asiri ba.

Lokacin ina ma'aikacin wayar da kai a ƙaramin asibitin wani ƙauye da ke gefen Sandamu. Shekara huɗu ina koya wa mata yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari idan yaro yana gudawa. Mutanen gari "Likita" suke ce min (ni kuma, Allah Ya yafe min, ban taɓa gyara musu ba). Sai aka zo aka kafa mana faifan tauraro a kan rufin kwano, aka sa talabijin da kyamara, domin duk Laraba wata likitar yara daga babban asibiti ta riƙa koyar da mu kai tsaye, mu da sauran asibitocin ƙauyuka har Mai'adua da Babban Mutum. Kowa na ganin kowa, kowa na jin kowa.

Ranar farko ɗakin ya cika maƙil. Mai unguwa na gaba, mata na zaune a kan tabarmi, cikinsu har da surukata, wadda ko ido ba ma haɗawa. Likitar ta tambaya ko akwai wanda zai gwada haɗin a gaban jama'a. Kafin ta rufe baki na miƙe. Ni da na sha sabuwar shadda tun da safe, ai ba zan bari wani ya riga ni ba.

Na zuba ruwa. Na ce, "Gishiri, cokalin shayi ɗaya," na zaro cokalina daga aljihu na ɗebo.

To, ga inda na rufta. A takardar horo an rubuta "cokalin shayi". Ni kuwa duk rayuwata shayi ɗaya na sani, na teburin mai shayin bakin tasha, kuma cokalin da yake zuba sukari da shi ƙato ne, irin na cin shinkafa. Irinsa na saya a kasuwa, irinsa nake nuna wa mata.

Likitar ta yi shiru. (An gaya mana magana takan ɗan jinkirta kafin ta je sama ta dawo, amma ni na ɗauka burge ta na yi, har da gyara hula.)

"Malam, ɗan matso da cokalin nan kusa da kyamara."

Na matsar, ina murmushi.

"Innalillahi! Malam, wannan ai ya yi uku na cokalin shayi. Gishiri haka zai iya ƙara wa yaro ciwo. Tun yaushe kake koyar da wannan?"

Ga dariyar ma'aikatan wasu garuruwa tana fitowa ta lasifika. Ban gama nutsewa don kunya ba sai ga muryar surukata daga bayan ɗaki:

"Shi ya sa! Jikata Ummi ta yi ta tofar da shi, baban Ummi ya ce uwarta ce ba ta iya ba yaro magani ba."

Baban Ummin nan kuwa ni ne, uwar Ummi kuma matata. Maganar nan ta hau tauraro ta sauka a kowane asibiti. Nan kunyata ta koma tsoro, na shiga tunanin yara nawa aka ɗura wa ruwan nan da sunana.

Likitar ta rufa min asiri gwargwado, ta ɗaga ɗan ƙaramin cokali kowa ya gani. Washegari na sayo ƙananan cokula na bi gida-gida ina sallama, ina cewa na yi kuskure. Na fara da uwar Ummi, kuma can na fi shan wuya.

Alhamdulillahi, ba a rasa yaro ko ɗaya ba. Kun san dalili? Wata tsohuwa ce ta gaya min, tana dariya: "Ɗana, ai tun tuni muka rage gishirin. Mun ɗanɗana mun ji ba ya shawuwa. Nauyinka kawai muka ji."

Duk tsawon lokacin nan ban taɓa kurɓar abin da nake haɗawa ba. Yanzu ko kunu zan koya wa mutum damawa, sai na fara kai shi bakina.