Gwaggo Firinta Ta Cika a Shafi Na Arba'in da Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma zargin da na kasa haɗiyewa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar firintar ofishinmu, wadda muka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Alhamis da hantsi tana tsakiyar aiki, bayan shekara goma sha ɗaya a kusurwar da ke bayan teburina.

Ga wanda bai san mu ba, kamfaninmu na dillancin hannayen jari ne. Aikina shi ne karanta takardun bayanin kowace manhaja kafin a bar ta ta taɓa asusun mutane, musamman waɗannan masu ƙirƙirarriyar basira da ake aika su duba abin da wane ya mallaka. Ni ban yarda da bayanin da ke kan intanet ba, domin abin da ka karanta da safe ana iya sauya shi kafin rana ta yi tsaka. Sai Gwaggo ta buga mini shi a takarda, in sa kwanan wata, in ɗauko jan biro.

Marigayiyar ba ta da sauri. Kafin kowane shafi sai ta yi "gurrr, ƙas-ƙas", kamar dattijuwa mai gyaran murya. In ranta ya ɓaci takan tauna takarda. Amma ba ta taɓa ƙara wa magana harafi ba, ba ta taɓa ragewa ba.

Ajalinta ya faro ne ranar Litinin, da wani kamfani ya turo wakilinsa, wanda muka laƙaba wa Mai Murmushi, da sabuwar manhaja. Shafin farko na bayaninsu ya ce dubawa kawai take yi, ba ta saye, ba ta sayarwa. Manaja ya ji daɗi, ya ce Juma'a za a sa hannu. Da Gwaggo ta buga mini bayanin duka, shafi sittin, na tarar da wani umarni wai shi "daidaita asusu". Ba a faɗi abin da yake daidaitawa ba, ba a faɗi abin da zai biyo baya in ya yi kuskure ba. Na tambayi Mai Murmushi.

"Haba ranki ya daɗe, wa ke karanta irin waɗannan?" in ji shi.

Na ce ni. Ban gaya masa cewa kuɗin sallamar kawuna, na shekara talatin yana koyarwa, suna cikin asusan da manhajarsa za ta shiga ba.

Ranar Alhamis na ga an sabunta bayanin ba tare da sanarwa ba, sai na sake tura wa Gwaggo. Mai Murmushi na tsaye a gefenta da kofin shayi, wai yana neman inda zai sa wayarsa caji. Manaja ya kira ni, na fita minti biyar. Ina dawowa ta yi "kiii" sau ɗaya, fitilarta ta mutu, shafi na arba'in da ɗaya ya maƙale rabi a bakinta. Kofin kuwa wayam. Mai Murmushi ya ce shanyewa ya yi.

Ban ce shi ne ba. Mai gyara ma ya ce tsufa ne. Sai dai da ya sa yatsa a cikinta ya shinshina, ya tambaye ni ko marigayiyar tana shan madara.

Na zaro rabin shafin a hankali. Layin ƙarshe da ta iya bugawa ya ce "daidaita asusu" na iya sayar da hannun jari ba tare da an tambayi mai shi ba. Da na koma intanet da yamma, layin ya yi ɓatan dabo. Na ajiye takardar a gaban manaja. Ya karanta sau biyu, ya mayar da bironsa aljihu, bai sa hannu ba.

Ta rasu ta bar ni, da jan biro guda uku, da kwalbar tawada ɗaya da ba a buɗe ba, da wata na'urar hoton takardu da suka yi zaman maƙwabtaka ba sa ga maciji. Ta kuma bar kawuna, wanda bai taɓa jin sunanta ba.

Za a fitar da ita ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga ofis zuwa shagon mai gyara, inda za a buɗe cikinta a gaban shaidu biyu. Ana karɓar gaisuwa a teburina har zuwa Laraba. Mai Murmushi ya aiko da sabuwar firinta a matsayin ta'aziyya, mun gode. Tana bakin ƙofa cikin kwalinta. Wanda ya zo gaisuwa ya ratsa ta gefenta, kada ya jona ta da wuta, domin ban gama karanta takardar bayaninta ba.