Ranar da na kira sunan Baban Umma

Ba zan taɓa mantawa da haihuwata ta huɗu ba, ko na so in manta ma matan Gozaki ba za su bar ni ba.

Bari in fara da laifina. Haihuwa uku na yi kafin nan, duk kamar wasa. Ta fari a gidanmu a Mahuta, ina cikin ɓarar gyaɗa na ji marata ta murɗa, kafin a kira ungozoma har 'yata Umma ta faɗo. Ta biyu tuwo nake tuƙawa, na sauke tukunya na shiga ɗaki, aka ci tuwon da zafinsa ana yi mini barka. Ta uku a asibiti, nas ba ta gama sa safar hannu ba. Ban san laulayi ba, ban san kumburin ƙafa ba. Maimakon in gode wa Allah in yi shiru, sai na ɗauka gwanintata ce.

Ranar awo kuwa ni ce malama. In na ga mai cikin fari tana yamutsa fuska sai in matsa kusa da ita in ce, "Naƙuda fa ba komai ba ce, raki ne kawai na 'yan yanzu." (Allah Ya yafe mini, har kwaikwayon kukansu nake yi.) Surukata Inna ta sa mini suna Jaruma, tana ba da misali da ni a gidan suna. Wannan suna ya fi mini sabon zani daɗi.

Wani abin da nake taƙama da shi shi ne kunya. Shekara goma sha ɗaya da aure ban taɓa furta sunan mijina ba, Baban Umma nake cewa. Ita ma Inna ba ta faɗa, don shi ne ɗanta na fari. In wani baƙo mai sunan ya zo gidan, sai mu ce "mai sunan Malam".

Ciki na huɗu ya zo da nasa hali. Warin daddawa ya hana ni shiga madafi, ƙafafuna suka kumbura har silifa ya ƙi shiga. Na ɓoye, ina tsotsar lemon tsami a bayan ɗaki, don a lokacin Rumasa'u ƙanwar mijina ta dawo gida goyon ciki, kuma Inna ta damƙa mini ita in koya mata dauriya. Kullum ina yi mata karatu: "In abin ya zo, ki cije leɓe, ki yi salati. Mace ba ta ihu."

Wata safiya da kaka, ana ta casar masara, naƙudar Rumasa'u ta tashi. Na sa hijabi na shiga mota a matsayin 'yar rakiya, ni da Inna da Baban Umma. Ramukan hanyar Malumfashi suka yi aikinsu, kafin mu isa asibiti nawa cikin ya amsa. Aka kwantar da mu ɗaki ɗaya, labule ne kawai tsakaninmu. Har a nan sai da na leƙa na ce mata, "Kalle ni ki koya."

Hantsi ya yi, shiru. Azahar ta wuce, shiru. Ciwo kuwa irin wanda ban taɓa sanin akwai shi a duniya ba, kamar ana sara mini baya da gatari. Na cije leɓe, leɓe ya fashe. Na yi salati, na yi duk addu'ar da na haddace, har ta shiga kasuwa. Wajen la'asar wani ciwon ya taho tun daga ƙugu, sai kawai na ji wata murya ta cika asibitin:

"Lawal! Wayyo Lawal, ka kashe ni! Lawal, in na sake ko kallon ƙofar ɗakinka a canza mini suna!"

Muryata ce. Ba sau ɗaya ba, an ce sau bakwai (Rumasa'u ce ta ƙirga, a cikin nata halin). Taga kuma a buɗe, Inna na zaune kan tabarma daidai ƙarƙashinta, da mai sunan, da mijin Rumasa'u, da wasu mata biyu 'yan garinmu da suka kawo yara allura.

Sista Nkechi, nas ɗin da ke kanmu, haifaffiyar Funtua ce, ta fi ni Hausa, kuma ta sha jin wa'azina ranar awo. Ta dafa gwiwata ta ce, "A'a, Maman Umma, yau malama ce da kanta? Yi nishi, bar Lawal ya huta."

Ana haka sai kukan jariri daga bayan labule. Rumasa'u ta sauka, ban ji ko tarinta ba. Can ta ɗaga labulen da yatsa, murya a sanyaye ta ce, "Anti, ki cije leɓe."

Na haifi namiji ƙato kafin magariba, lafiya lau. Amma da na ji takun Inna sai na ja zani na rufe fuska, ina fatan ƙasa ta tsage. Wallahi kunyar ta fi naƙudar zafi. Ta ɗauki jaririn, ta yi masa addu'a, ta zauna a bakin gadon. Sannan na ji gadon yana girgiza, ashe dariya take yi.

"Buɗe fuskarki, Jaruma," in ji ta. "Shekara arba'in ina riƙe da sunan nan a baki ban faɗa ba, yau kin fanshe mana ni da ke. Ni ma ranar da na haife shi, sai da na zagi kakansa, surukina."

Tun daga ranar na ajiye malanta. Na gane sauƙin da na samu sau uku kyauta ce aka yi mini, ba iyawata ba ce. Yanzu in mai cikin fari ta tambaye ni yadda naƙuda take, sai in ce kowane ciki da irin zuwansa, Allah Ya sauke ki lafiya. In ta matsa sai na ba ta shawara, guda ɗaya gare ni: kafin a fara, ta sa a rufe taga.