Igiyar Barau

Allah ya jiƙan Barau namu. A gidan yayarsa Kande ya yi rayuwarsa, shi ke ɗebo ruwa, shi ke faskare, kuma duk maganar da ta shiga kunnensa, yadda aka faɗe ta haka zai aikata ta.

Wata rana ɗan Kande, Nafi'u, ya zo hutu daga Zariya da kwamfutarsa, yana ta tsaki. Barau ya ce, "Me ta yi maka?" Nafi'u ya ce, "Kawu, wani ɗan abu na sa a cikin babba, shi kuma bai san hanyar kiran babban ba. Duk abin da ke ciki, sai an ba shi hanyar kiran na waje, in ba haka ba ya maƙale." Tausayin duk wani abin da ke ciki ya kama Barau.

Wata rana ya leƙa akurki ya ga ƙwai ba su da hanyar kiran kowa. Ya samo zare ya ɗaure kowane ƙwai da ƙafar kaza. Da aka watsa tsaba, kaza ta fito a guje, ƙwai na biye da ita suna fashewa.

Wata rana kuma wayar Kande ta ɓace. Sai da aka kira ta aka ji rumbu yana kiɗa. Barau ya ce, "Gero na ba wa ita, Yaya. In gara ta shiga, da me zai kira ki?" Kande ta ce, "Wallahi ka ƙara, ƙauye zan mayar da kai." Barau ya sunkuyar da kai, don ba shi da kowa a can.

Wata rana aka kira Sallau mai yasar rijiya. Barau ya leƙa ya gan shi can ƙasa shi kaɗai. Ya tuna gargaɗin mayar da shi ƙauye, ya sake leƙawa. Ya zura igiya ya ce, "Ɗaura a ƙugunka." Sallau ya ɗaura yana dariya. A ɗaya bakin igiyar kuwa, Barau ya kwaso kwanukan jeren Kande kaf, ya ɗaure su, ya rataye a reshen darbejiya.

Mai ja wa Sallau guga ya tafi cin abinci. Gefen rijiya ya zabtaro ya danne Sallau har ƙirji, murya ta ƙi fita. Sallau ya fizgi igiya. Kwanuka suka zubo, ƙarar ta kai har bakin kasuwa. Kande ta fito da muciya tana neman Barau, maƙwabta suka biyo ta, suka leƙa rijiya suka ga abin da ya faru, da igiyar nan aka jawo Sallau da ransa.

Kande ta dubi kwanukanta duk sun lotse, ta dubi ƙaninta har ya fara naɗe tabarmarsa. Ta ce, "Ajiye. Babu inda za ka."

Nan Barau ya tsaya a bakin rijiya, ƙirji a gaba, bai ɗaga ƙafa ba har aka kira magariba. Duk wanda ya wuce sai ya miƙa masa hannu.