Kafa ta Tara da Alhazan Madina

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a unguwar Kudai ta Makka ba, duk da na yi ƙoƙarin hakan. Ni ne mai kula da kwamfutocin wani ƙaramin otal na masu Umara. Karatuna bai yi nisa ba, ɗan kwas na yi, amma kowa "muhandis", wato injiniya, yake ce min, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba.

Ni mutum ne mai son tsari. Da aka kawo mana sabuwar rauta, na'urar raba intanet, mai kafofin waya layi biyu, sama da ƙasa, abin da na fara yi shi ne na manna farin tef a kan ƙananan lambobin da kamfani ya buga. Na rubuta nawa manya-manya: layin sama daga ɗaya har ƙarshe, sannan layin ƙasa ya ɗora. Ban karanta nasu ba (tabarauna yana mota, kuma a ganina babu abin karantawa, kowa ya san bayan ɗaya biyu ce).

Bayan kwanaki mudir ɗinmu, wato manaja, Abu Faisal, Bahaushe haifaffen unguwar Tandabawi, ya ce intanet ɗin ofis na jan ƙafa, in gano kwamfutar da ke cinye shi. Maganin wannan shi ne aikin madubi. Za ka haɗa kafofi a rukuni guda, ka umarci rauta ta riƙa kwafo duk abin da ya ratsa su tana zubawa a wata kafa ɗaya, inda ka jona kwamfutarka kana kallo. Sharaɗin tamu na'urar shi ne kafar da ka mayar madubi ta daina aikinta na yau da kullum, sai karɓar kwafi kawai.

Na bi komai daki-daki. Da farko na jona kwamfutata a inda tef ɗina ya ce tara. Sannan na shiga shafin rautar na haɗa kafa ta ɗaya zuwa ta takwas a rukuni. Daga nan na zaɓi ta tara a matsayin madubi, na danna, na naɗe hannu. Allona bai nuna komai ba.

Ina cikin kallon allon sai ga Bashir, mai karɓar baƙi, ya leƙo. "Ya muhandis, kwamfutar katin ɗakuna ta tsaya. Ga bas ta iso daga Madina."

Na fito na tarar da falo cike. Maza sanye da harami, tsofaffi zaune a kan jakunkuna, kowa na jiran katin ƙofa ya ajiye kaya ya ɗan huta kafin a tafi ɗawafi. Ba kwamfutar nan, ba kati. Na duba wayarta, na ga tana kafar da na rubuta wa biyar. Madubi ba ya hana kafofin da ake kwafa aiki, don haka na wanke kaina nan take, na juya kan Bashir.

"Me ka taɓa?"

"Wallahi ban taɓa komai ba."

"Kullum haka kuke cewa. Na hana ku jona waya a jikin kwamfutar nan ko ban hana ba? Mutum bai iya bin abu ɗaya bayan ɗaya ba, sai ya ce na'ura ce ta lalace!"

A gaban baƙi na faɗi wannan, da ƙarfi. Wata Hajiya 'yar Sakkwato da ke riƙe da gwiwarta ta ce, "Ɗana, ku yi faɗanku daga baya. Ni dai ƙahwata ta kumbura."

Abu Faisal ya fara yi wa Bashir wani irin kallo, na san aikinsa ya fara rawa. Ya ce min, "Yalla ya muhandis, khallisna, ka raba mu da wannan. Nuna min inda mushkilar take."

Na ja su biyun zuwa ɗakin na'ura, don in nuna musu yadda mai tsari yake aiki. Na sa tabarau (wannan karon yana aljihu), na ɗora yatsa a kan biyar ina bayani. Gefen tef ɗin ya ɗan ɗago saboda zafi, na kai hannu in danne shi, sai idona ya faɗa kan abin da ke ƙasa. Tara.

Na ɓare tef ɗin gaba ɗaya. Layin sama: ɗaya, uku, biyar, bakwai, tara. Biyu da huɗu da 'yan'uwansu suna ƙasa. Ashe kwamfutar katin ce a kafa ta tara ta gaskiya, ita na mayar madubi da hannuna. Tawa kuwa tana can ta goma sha bakwai, tana jiran kwafin da ba zai zo ba.

Abu Faisal ya ce, "Esh fi? Me ya faru?"

"Na gano mai laifin."

"Wane ne?"

"Yana tsaye a gabanka da tef a hannu."

Bashir bai yi dariya ba, sai ya juya yana kallon silin, wanda ya fi dariyar ciwo. Na cire madubin, kwamfutar ta dawo kafin in miƙe. Abu Faisal ya ce tunda a falo na yi zagi, a falo zan ba da haƙuri. Na tsaya gaban alhazai na ce Bashir ba shi da laifi, ni ne, sannan na ɗauki jakar Hajiya na kai mata har ƙofar ɗaki. Ta karɓi katinta ta dube ni ta ce, "To, Allah ya yi maka albarka. Amma muryag ga taka ta hi aikinka sauri."

Tun daga ranar na ƙara mataki guda a gaban duk matakaina. Kafin in shirya wa abu tsari, sai na duba ko ya zo da nasa. Faɗa kuwa na mayar da shi matakin ƙarshe, kuma yawanci kafin in kai wurin na riga na gano cewa ni ne.