Bin Rejim

Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai aka yi mini aikin ƙwarnafi a Yamai. Ranar sallama, likita Bafaranshe ya ɗaga yatsa ya ce lallai in bi "rejim". Aka kira tafinta, na ce a bar shi, ai direban hanyar Kotonu irina ba ya rasa Faransanci. Rejim kuwa a rediyo na san ta, gwamnati ce. Na dafa ƙirji na ce ban taɓa saɓa mata ba.

Na dawo Gaya garau, wutar ƙirjina ta mutu. Yayata ta dama mini kunu.

Na ce, "Yaya, kawar da shi. Likita bai hana ni komai ba sai adawa."

Na sa aka soyo kifin Tunuga, ya sha barkono. Loma ta uku ta tsaya a ƙirji, ba gaba ba baya, idanuna waje. Maƙwabcinmu malamin lakwal, wato makarantar boko, ya karanta takardar da likitan ya ba ni. Ashe rejim ƙa'idar abinci ce, kunu zalla na mako shida.

Yaya ta rasu, motar da nake ja ta ruɓe, amma har yau masu kifi tambayata suke, "Rejim, gwamnati ta yarda ka ci?"