Yadda Na Zama Kayan Tarihi a Fagge

Ko na tsufa na rikice, ba zan taɓa mantawa da ranar buɗe tsohon benen nan na Fagge ba. Gidan wani attajirin goro ne tun zamanin Turawa, aka mai da cikinsa yadda yake a da don ya zama gidan tarihi.

'Yar yayata Sadiya tana aiki a wurin, gwaji take, ba a tabbatar da ita ba. Ita ta tsaya min wajen shugabansu, Malam Rashidi, wai na iya jeren ɗaki irin na kakanni. (Ni da ko Kasuwar Sabon Gari sai an ja ni.)

"Inna, ki rufa min asiri," in ji ta. "Kwanuka kawai. Gadon nan ba a hawa."

Na jera tasoshi da samiru har kusa da rufi. Sai dai yadda na koya, mai jere sai ta zauna a gado ta dubi aikinta daga inda amarya za ta gan shi. Na ce bari in ɗan ɗosana.

Wayyo, gadon ƙarfe mai rumfa! Rana ta ratso gilashin taga, kore da ja suna yawo a kan tasoshi. Na lumshe ido. Sai ga ni uwargida, ana sauke huhun goro a tsakar gida, ana yi min fifita.

Muryoyi ne suka tashe ni. Baƙi sun cika ɗakin.

"Kai, har da mutum-mutumi! Kamar mai rai."

Na tuna aikin Sadiya, na ƙame. Numfashi ma a ɓoye nake yi.

Wata Hajiya ta matso. "Dubi har kaushi suka yi mata. Amma hancin nan sun cika shi da yawa."

Kaushin na haƙura. Hancin ne ban iya ba.

"Haka Allah ya yi ni, Hajiya."

Salati ya kaure, Hajiya ta fita ba takalmi. Sadiya ta jingina da bango tana hawayen tsoron kora, Malam Rashidi kuwa dariya ta durƙusar da shi. Da ya samu numfashi ya ce ba zai kori yarinyar da ta sa baƙi suka manta a wane zamani suke ba. An tabbatar da ita, aka kuma kewaye gadon da igiya saboda ni.

Darasin da na ɗauka: mace mai kunne irin nawa ba ta iya ƙamewa kamar gunki, sai dai in yabonta ake yi.